Mu Shida Muka Tafi, Mu Biyu Muka Dawo

Tun a filin jirgin Istanbul na fara jin jikina bai ba ni tafiyar nan ba. Muna zaune muna jiran jirgi na biyu, sai Yaya Haruna ya ɗan rera baiti ƙasa-ƙasa don ya gwada muryarsa, ya dubi 'yan amshinmu uku. Babu wanda ya karɓa. Biyu suna ta latsa waya. Na ukun, Lawal, ya buɗe baki ya rufe, ya sunkuyar da kai.

Sunana Idi. Ni da yayana Haruna makaɗan noma ne daga wani ƙauye tsakanin Danja da Bakori. Gado muka yi. Shi ke waƙa, ni ke riƙe da ganga, kuma mun fi shekara talatin a haka. A da, idan an kira gayya, mu ake fara sanar wa kafin masu abinci. Yanzu tarakta da maganin feshi sun karɓe yawancin aikin, gayyar ta ja baya, mu ma muka koma ga masararmu da ɗan lambun tumatir, sai in an yi biki a tuna da mu.

Wani malamin jami'a ne ya taɓa ɗaukarmu a waya muna kiɗa a gonar wani dattijo. Hoton ya yi ta yawo har ya kai Jamus, inda wata jami'a take da gidan adana zane-zane da kayan tarihi. Mutanen gidan suna shirya taron kiɗa da waƙe na ƙasashe daban-daban, suka aiko mana da takardar gayyata. Daga ni har Yaya babu mai karanta boko, shi ya sa takardar ta faɗa hannun wani Alhaji Tanimu, wanda aka ce ya san kan harkar fita waje. Shi ya ce Turawan sun fi son ƙungiya mai mutum biyar, ya kawo mana mutum uku daga Funtua a matsayin 'yan amshi. Sau biyu muka haɗu da su, aka ɗauki hoto cikin riguna iri ɗaya. Yaya ya ce a kawo 'yan amshinmu na gida, Alhaji Tanimu ya ce lokaci ya ƙure. Muka yarda, don ba mu san yadda ake yi ba.

Da hantsi muka sauka Jamus. Ganga ta fito lafiya cikin buhun da matata ta ɗinka mata da tsohon bargo. Alhaji Tanimu ya shige gaba muna binsa, muka hau jirgin ƙasa zuwa wata babbar tasha a tsakiyar birnin. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka babu mai gaida wani ba. Ya nuna mana wani benci kusa da shagon mai sayar da nama da burodi, ya ce mu zauna, zai je ya yanko tikitin garin da jami'ar take, samarin nan su raka shi.

Sun yi taku kaɗan Lawal ya dawo da sauri, kamar ya manta wani abu. Ya durƙusa gabana, ya cusa mini wani abu a aljihun riga.

Ya ce, "Baba Idi, fasfo ɗinku ne da tikitin komawa. Na ciro daga jakar Alhaji. Ka riƙe da kyau."

Na ce, "Ai shi ya ce zai riƙe mana."

Ya ce, "Ka dai riƙe. Ku yafe ni."

Ya tashi ya bi su. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na mai barin manya a zaune.

Azahar ta yi ba su dawo ba. Wayarmu ba ta aiki a ƙasar. Sanyi yana shigowa ta ƙasan benci yana kama ƙafa, ga mu da takalman fata ba safa. Yaya ya ce wataƙila layi ne ya yi tsawo. Can ya sake cewa wataƙila sun ɓata hanya.  Na rungume gangar a tsakanin ƙafafuna ina kallon kowace baƙar fuska da ta gifta.

Mai shagon nama ne ya fara kula mu. Baturke ne, mai furfura a gashin baki. Ya daɗe yana satar kallonmu, sai da ya ga Yaya yana jan carbi sannan ya fito ya yi mana sallama. Muka amsa da ƙarfi, don ita ce magana ta farko da muka gane tun safe. Ya kai mu bayan shagonsa muka yi alwala da ruwan ɗumi, ya shimfiɗa mana kwali muka yi salla. Ya kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna da burodi cike da nama. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini hannun ya girgiza kai.

Ba ya jin namu, ba ma jin nasa. Sai na tuna da takardar tallar taron mai ɗauke da hotonmu, wadda na naɗe a hula don in nuna wa mutanen gida in mun koma. Na miƙa masa. Ya duba hoton, ya ƙirga mutum biyar da yatsa, ya dube mu mu biyu. Sannan ya ɗauki wayarsa ya kira lambar da ke ƙasan takardar.

Kafin magariba wata Baturiya doguwa mai farin gashi ta iso tana haki. Ita ce Madam Birgita, shugabar gidan, wadda ta sa hannu a takardar gayyatarmu. Ashe tun safe take jiranmu a tashar garinsu, tana ta kiran Alhaji Tanimu waya a kashe. Ta cire mayafin wuyanta ta naɗa wa Yaya, ta ɗauki jakarmu da kanta zuwa mota. Baturken ya rako mu har bakin titi. Ban san sunansa ba har yau, amma yana cikin addu'ata.

Washegari aka kai mu wani ofis a jami'ar. Akwai Madam Birgita, da wani babban jami'i mai tabarau, da 'yan sanda biyu. Suna ta magana a kanmu, mu kuwa muna zaune kamar buhunan da aka sauke a tasha. Sai aka turo ƙofa, wata mata ta shigo da rigar aikin shara a kan zaninta, ta dube mu ta ce, "Sannunku da hanya. Ku mutanen ina na?"

Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Yaya ya ce, "Ƙasar Katsina, Hajiya."

Ta ce, "To ai gida guda muke. Ni Rabi, daga Maraɗi. Ku kwantar da hankalinku, duk abin da suka ce zan gaya muku yadda suka faɗe shi."

Daga bakin Hajiya Rabi muka ji gaskiyar abin. Mutum biyu kawai jami'ar ta gayyata tun farko. Alhaji Tanimu ne ya rubuto cewa kiɗanmu ba ya yiwuwa sai da mutum biyar da jagora. Mutanen nan uku ba kiɗa ya kawo su ba, hanyar shiga ƙasar suka saya a wurinsa, mu kuma aka sa mu a gaba.

Ɗan sandan ya tambaya ko mun san shirin. Yaya ya ce ba mu sani ba. Ya tambaya yaya aka yi mawaƙi bai san 'yan amshinsa ba su iya amshi ba. Wannan tambayar ce ta fi yi wa Yaya ciwo, don ba ta da amsar da za ta fitar da mu kunya. Ya ce, "Hajiya, gaya masa na gani, na yi shiru. Na ji tsoron in na yi magana tafiyar ta lalace. Wannan laifina ne. Amma ban ci amanar kowa ba."

Mai tabarau ya ce shi a ganinsa a soke namu wasan, a mayar da mu gida jibi. Madam Birgita ta yi magana mai tsawo, fuskarta ta yi ja. Hajiya Rabi ta raɗa mana cewa ita ma tana cikin matsala, don sa hannunta ne a takardun, amma ta ce ba za ta hukunta waɗanda suka tsaya saboda waɗanda suka gudu ba. A ƙarshe aka bar mu, da sharaɗin in mun ga ɗayansu ko mun ji labarinsa mu faɗa. Yaya ya ce ya yi alkawari.

Kwanaki huɗu ne tsakaninmu da ranar wasan, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. An ba mu ɗaki mai kyau a masaukin baƙin jami'a, amma Yaya ya ƙi cin abinci. Ya zauna bakin taga yana tari, yana kallon ruwan da ke zuba siriri-siriri ba ya tsayawa. Lokacin kaka ne a gida. Ya ce, "Idi, yanzu ana can ana karyar masara, mu muna nan ana tambayarmu ko mu ɓarayi ne. Me na zo nema?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Ina rufe ido sai in ga motocin da ke lodi a kasuwar Bakori, in ji ƙamshin sabuwar masara a wuta. Abincinsu burodi ne mai tauri da cuku mai sanyi, in ci loma biyu in ajiye.

A kwana na biyu Hajiya Rabi ta zo da kula a cikin jaka. Tuwon semo ne da miyar kuka, har da daddawa da man shanu. Ta ce kukar ƙanwarta ce ta aiko mata, tana ɓoyonta kamar zinariya. Ta zauna ta ce ba za ta tafi ba sai Yaya ya ci. Ya ci, ya ƙara. Ta ba mu labarin yadda ta biyo mijinta ƙasar tana amarya, ya rasu, ta tsaya saboda karatun 'ya'yanta. Ta ce shekara goma sha tara tana share gidan nan, ba a taɓa kiranta ofis don a ji ta bakinta ba sai dalilinmu.

Ita ta matsa mu fita mu ga gidan. Ɗakuna ne manya masu fararen bango, an rataye zane-zane, wasu ka gane mutum ne ko doki, wasu sai ka ce yaro ya zubar da fenti. Ɗalibai suna zaune a ƙasa suna kwaikwayonsu a takarda. A ɗakin ƙarshe akwai kayan ƙasashenmu cikin akwatunan gilashi: ƙwarya, da tandu, da wata tsohuwar garma.

Yaya ya tsaya gaban garmar ya daɗe. Sai na ji ya yi dariya, karo na farko tun Istanbul. Ya ce, "Hajiya, wa ya rataye wannan? Ai a juye take. In mutum ya riƙe ta haka ƙafarsa zai sara."

Aka kira Madam Birgita. Ta sa aka buɗe gilashin, ta ba Yaya safar hannu fara. Ya sa, ya ɗauki garmar, ya sunkuya a tsakiyar ɗakin ya nuna yadda ake ɗaga ƙasa a kifa ta a kan kunya. Ya nuna inda ƙotar ta lotsa, ya ce mai ita bahago ne, kuma ya daɗe yana aiki da ita. Ɗalibai suka taru, Madam tana rubutawa da sauri. Ta ce garmar ta fi ta daɗewa a gidan, ba wanda ya taɓa gaya musu haka. Daga ranar Yaya ya daina zama bakin taga.

Saura ganga. Danshin ƙasar ya sa fatar ta saki, in na buga sai ta yi kamar ana dukan katifa. A gida rana nake shanya ta, ko in kara ta kusa da wuta. A nan babu rana, wuta kuma an hana. Wani mai gyaran fitilun gidan, mutum mai ƙiba marar magana, ya tsaya yana kallona ina fama. Ya tafi, ya dawo da na'urar busar da gashi ta matarsa. Muka zauna ni da shi muna hura wa fatar iska mai zafi, ina ɗan bugawa, shi yana kasa kunne. Da muryarta ta dawo ya ɗaga mini babban yatsa.

Ranar Asabar da ƙarfe uku aka fara. An jera kujeru a babban ɗakin zane-zane, mutane sun cika har wasu na tsaye. Wata mata daga Iran ta karanta waƙe da harshensu, ban ji ko kalma ba, amma na ga yadda take haɗiye kuka a wasu wurare. Wasu ɗalibai biyu suka yi kiɗa da irin gogensu. Mutanen suna zaune tsit, ba mai motsi sai an gama a tafa. Na ce a raina, yaya za a yi kiɗan noma ga mutanen da ba sa ko gyaɗa kai?

Da aka kira mu, Hajiya Rabi ta fito cikin atamfa da gyale, ba rigar aiki ba. Ta gaya musu cewa waƙar nan ba a yinta sai da amshi, 'yan amshin kuma ba su samu zuwa ba, don haka su ne 'yan amshi yau. Ta koya musu kalmomin: "Ja garma, ƙasa ta san ka." Suka yi ta karya harshe suna dariya.

Na saki ganga. Yaya ya rufe ido ya fara kiran manoman garinmu ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, kowa da kirarinsa da gonarsa. Muryarsa ta ɗan dushe saboda tari, amma ta fita. Turawa suna karɓawa a karkace, ba a kan kiɗa ba, ina ta jan su da ganga. A baiti na huɗu sai na ji wata murya daga can baya ta faɗo daidai inda amshi ke faɗowa, da Hausa tsantsa. Na ɗaga kai. Lawal ne, tsaye a bakin ƙofa cikin wata tsohuwar rigar sanyi da ta yi masa yawa.

Yaya ma ya ji. Bai buɗe ido ba, bai tsaya ba. Sai ya juya waƙar ya shiga kiran gonakin yammacin Funtua da aka bari saboda 'yan bindiga, inda ciyawa ta rufe kunya, masu su suna zaune a gari suna kallon damina tana wucewa. Ban taɓa jin baitocin nan a bakinsa ba. Lawal yana karɓawa, mutanen ɗakin suka bi muryarsa, amshin ya daidaita. Na ga wata tsohuwa a layin gaba tana buga ƙafa. Da muka tsaya suka miƙe gaba ɗaya suna tafi, aka daɗe ba a zauna ba.

Bayan an tashi muka sami Lawal a wani lungu kusa da matakala. Ya durƙusa ya kama ƙafar Yaya. Ya ce Alhaji Tanimu ya watsar da su a wani gida a birnin, ya kashe waya, sauran biyun sun wuce wata ƙasa. Shi a takardar talla ya riƙe sunan garin da ranar, ya kasa zama bai zo ba.

Yaya ya ce, "Tashi. Tikitinka na nan da rai. Jibi mu koma tare."

Lawal ya ce, "Baba, in koma in ce me? Gonarmu ta gado tana hanyar da ba mai iya zuwa, shekara uku ke nan. An ɗauke wana a cikinta, bai dawo ba. Ɗayar da ke kusa da gari ita na sayar na yi wannan tafiyar. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga tsohuwa. In na koma hannu rabbana, da wane ido zan dube su?"

Yaya ya dafa kafaɗarsa. Can ya ce, "Na yi wa mutanen nan alkawari in na gan ka zan faɗa. Ba zan yi ƙarya ba, Lawal."

Lawal ya ce, "Na sani, Baba. Bari in faɗa da bakina."

Hajiya Rabi ta kira Madam Birgita. Lawal ya ba ta haƙuri, ya ce mu ba mu san komai ba, ya faɗi duk yadda aka ƙulla abin. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce dole ta rubuta cewa ta gan shi da abin da ya faɗa, kuma za ta rubuta. Sannan ta ɗauki takarda ta rubuta masa sunan wani ofis da ke ba irinsa shawara ta hanyar doka, ta ce ya je da ƙafarsa ranar Litinin, ya fi a kamo shi. Hajiya Rabi ta ce in ya tashi zuwa ita za ta raka shi. Kafin ya tafi ya kwatanta mini gidansu a Funtua, ya ce, "Baba Idi, ka je ka ga tsohuwa. Ka ce mata ka gan ni da idonka."

Mun dawo gida mun tarar an gama karyar masara. Mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa suna tambayar ƙasar Turawa, Yaya yana ba su labarin garmar da aka rataye a juye. Na Alhaji Tanimu kuwa, mun kai ƙara inda ya kamata, har yau ba a gan shi ba.

Ranar kasuwar Funtua na hau mota na je. Gidan ƙarami ne a wani lungu bayan masu niƙa. Matar Lawal ta shimfiɗa mini tabarma a zaure ta koma ciki, sai ga tsohuwar ta fito tana dafa bango. Muka gaisa. Na ce mata daga wurin ɗanta nake, na gan shi da idona, mun yi magana.

Ta ce, "Malam, yana cin abinci?"

Na ce akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ta san inda yake, kuma ta iya miyar kuka.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ya ce mini kiɗa zai je yi. Na ce masa kai da ba ka taɓa waƙa ba ko a makaranta. Gaya mini gaskiya, ƙarya ya yi mini?"

Na gyara zama. Sannan na ce, "Hajiya, akwai abin da ya ɓoye miki, kuma shi ya kamata ya gaya miki da bakinsa. Amma waƙa kam ya yi. A gaban mutane cike da ɗaki ya yi mana amshi, kuma ba don shi ba da waƙar ba ta tashi ba."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta juya wajen ƙofar cikin gida ta kira surukarta, ta ce, "Zo ki zauna. Malam, faro mana daga farko."